Duniya ɗaya ce, ta yaya ake cin fiye da abin da take bayarwa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Na ji ana cewa wai mutane na cinye rabon shekara guda na albarkatun ƙasa tun shekarar ba ta ƙare ba, har ma wai muna rayuwa kamar muna da duniya kusan biyu. Abin ya ɗaure mini kai. Ta yaya za a ci abin da babu? Kuma in gaskiya ne, me mace ɗaya irina za ta iya yi?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba abin da babu ake ci ba, uwar kuɗi ake ci. Ki dubi ɗan kasuwar da ya gaji jari mai kauri. Muddin ya tsaya kan riba, dukiyarsa na nan har jikoki. Ranar da ya fara taɓa uwar, ba wanda zai gane, domin suturarsa ba ta canza ba, gidansa ma bai daina cika da baƙi ba. Sai an yi shekaru kafin asiri ya tonu.

Ribar duniya ita ce abin da take sabuntawa cikin shekara: itacen da daji ke tofowa, kifin da ke hayayyafa, ruwan da sama ke mayarwa ƙarƙashin ƙasa, da hayaƙin kabon, wato wanda ke fita daga ƙona fetur, gas da gawayi, da dazuzzuka da tekuna ke iya shanyewa. Cibiyar Global Footprint Network ce ke auna wannan da abin da muke ɗiba, ta fitar da ranar da ribar ke ƙarewa. A farkon shekarun 1970 ranar na faɗowa a ƙarshen Disamba. A 2024 ta faɗo 1 ga Agusta. Daga nan aka samo lissafin duniya 1.7, wato kusan biyun da kika ji. Ƙiyasi ne, masana na jayayya kan yadda ake haɗa shi, kuma kaso mafi girma a cikinsa hayaƙin kabon ne. Amma ko an ajiye shi gefe, awon nauyi ma abu guda yake faɗa: a 1970 ɗan Adam na haƙowa da girbe kusan tan biliyan 30 a shekara, yanzu ya haura tan biliyan 100. Yashi da tsakuwa kaɗai sun kai kimanin tan biliyan 50.

Abin da ya fi damuna a cin uwar kuɗi shi ne ba ya zuwa da gargaɗin da ido ke gani. Tekun Aral da ke tsakanin Kazakistan da Uzbekistan shi ne tafki na huɗu mafi girma a duniya a 1960, faɗinsa kusan murabba'in kilomita 68,000. Tarayyar Sobiyet ta karkatar da kogunan da ke ciyar da shi, Amu Darya da Sir Darya, zuwa gonakin auduga. Auduga ta yi kyau, kuɗi sun shigo, ruwa kuma na ja da baya taku-taku. Masuntan garin Moynak suka riƙa haƙa hanya suna bin ruwan, har ya tsere musu. Yau jiragen kamun kifinsu na jere a kan rairayi, tsatsa ta cinye su, ruwa na can fiye da kilomita 100 daga inda suke. Ƙasan tafkin ya zama farin gishiri gauraye da maganin ƙwarin da aka fesa wa gonaki, iska na kwasa tana kaiwa cikin ƙirjin yara.

Haka aka yi da kifin kod a gabashin gaɓar Kanada. An yi ƙarnuka ana kamunsa bai ƙare ba, sai manyan jirage suka zo da na'urorin gano garken kifi. Kifi na raguwa amma koma na ci gaba da cika, saboda na'ura na nemo 'yan ragowar duk inda suka taru. A 1992 gwamnati ta rufe kamun, mutum kusan 30,000 suka rasa sana'a. Shekara biyu aka ce za a yi. Sai a 2024 aka sake buɗewa, shi ma da ɗan kaso.

Akan ce laifin yawan jama'a ne. Da ƙamshin gaskiya, amma ban yarda a tsaya nan ba. Daga 1970 zuwa yau mutane sun ninka sau biyu da ɗoriya, ɗibar albarkatu kuwa ta ninka fiye da sau uku. Mutum ɗaya a ƙasashe masu arziki na cin kusan ninki shida na abin da takwaransa a ƙasashe matalauta ke ci. Da kowa zai yi rayuwa irin ta Amurka, sai an nemo duniya kusan biyar. Saboda haka ba adalci ba ne a ce wa wadda ke girki da itace don ba ta da wani makamashi ta rage. Ita ƙari take buƙata. Ragin yana wuyan masu wadata, a kowace ƙasa suke.

To, me za ki yi? Ki fara da abinci, don nan ne hannunki ya fi tsawo. Noma na shan kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan daɗin da ake ɗiba a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen sare dazuzzuka. Duk da haka, ƙiyasin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake nomawa ba ya shiga cikin kowa: wani ya ruɓe a gona ko a hanya, wani a zubar. Duk abin da aka kankare daga tukunya zuwa shara, da ruwan ban-ruwansa da takinsa da man da ya ɗauko shi aka zubar. A dafa daidai baki, a adana ragowa, wanda ya fi ƙarfin gida a miƙa wa mai buƙata tun bai lalace ba.

Sai kayan da kike riƙe da su. Ki ɗaga wayarki ki ji nauyinta, ba ta kai rubu'in kilo ba. A cikinta akwai tagulla, da ɗigon zinariya, da litiyom, da kobalt wanda akasarinsa daga ramukan Kwango ake haƙo shi. Mafi yawan ɓarnar da waya ke yi wa muhalli an gama yin ta kafin ki buɗe kwalinta. Kenan canza batir ko gilashi ki ƙara mata shekara biyu ya fi duk wata dabarar rage caji amfani. Haka tufafi, haka firji, haka takalmi. A 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na matattun kayan lantarki, wanda aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata bai kai rubu'i ba.

Kada ki jingina da cewa ai za a narkar a sake ƙerawa. Ga alminiyom hakan na aiki sosai, yana rage kusan kashi 95 cikin 100 na wutar da sabo ke ci. Roba kuwa kusan kashi 9 kacal ake sake sarrafawa. Ƙin karɓar ledar tun farko ya fi.

Ba zan ruɗe ki ba, tsimin gida kaɗai ba ya dawo da tafki. Masunci ɗaya da ya daina kamu, wani ne zai kwashe rabonsa, sai in doka ta ɗaure kowa. Kuma doka na aiki in an yi da gaske. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta hana sinadaran da ke huda rufin ozon na sararin sama, wanda ke tare hasken rana mai cutarwa, yanzu rufin na warkewa. Don haka ki sa baki inda ake yanke shawara kan ruwa, daji da shara a inda kike zaune, ki tambayi wa ya ba da izinin sara, nawa aka yarda a ɗiba, wa ke dubawa. A 2005 Kazakistan ta kammala madatsar Kok-Aral don tsare ruwan Sir Darya a arewacin tafkin Aral. Cikin 'yan shekaru ruwan ya ɗago, gishirinsa ya ragu, kifi ya dawo, masunta suka sake fito da komarsu. Ɓangaren kudu, inda Moynak take, har yanzu akasarinsa rairayi ne.