Tambaya da Amsa: 'Yata ta fari ta ƙi sakin jiki da ni

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah a taimaka min da shawara. 'Yata ta fari shekararta 7, tun da aka yaye ta tana wajen kakarta, sai bana ta dawo hannuna saboda makaranta. Wallahi kamar baƙuwa take a gidan, ina shiga ɗaki sai ta yi tsit, in na tambaye ta abu ta ce ba komai, amma da ƙannenta har ƙyalƙyala dariya take. Ni kuma kin san kunyar ɗan fari, ko sunanta ban iya kira, "ke" nake ce mata. Abin yana ci min rai sosai.
Wata uwa daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah Ya raya mana su. Kar ki zaunar da ita ki ce zo mu yi magana, yarinya 'yar shekara 7 in aka tsare ta da ido gani take laifi ta yi, sai ta ƙara shiga taitayinta. Ki nemo abin da hannunki da nata za su yi tare, ido yana kan aiki, baki shi zai buɗe da kansa. Ba ki lura hirar da ake yi wajen kitso ko ɓarar gyaɗa ta fi fitowa daga zuci ba?

Mu da muka taso ana ɗauke ruwan sama muke ɗebo laka mu gina 'yan tukwane da murhu da shanu, maza suna can suna ƙera motar kara. In gidanki duk siminti ne, ki kwaɓa fulawa kofi 2 da gishiri kofi 1 da ruwa kofi 1, ki raba, wani ki ɗiga masa ruwan zoɓo wani kurkur, kin samu kala biyu ke nan ba ki kashe ko sisi a kanti ba. Sai dai ki sa ido kar ƙananan su kai baki, gishirin ya yi yawa. Ki shimfiɗa tabarma ki zauna a ƙasa, ki fara mulmula naki kina 'yar waƙarki ba tare da kin kira ta ba, za ki ga tana leƙe, ranar farko ƙila ba za ta matso ba, ki ƙyale ta. Minti 15 bayan ta dawo Islamiyya ya isa, amma waya a ɗaki, kuma lokacin nata ne ita kaɗai.

Inda mu iyaye mata muke ɓata abin shi ne gyara. Ta zana akuya da ƙafa biyar a bayan tsohuwar kalanda sai ki ce haba, haka ake yin akuya? To kin mayar da tabarmar aji. Ce mata za ki yi, ba ni labarin wannan akuyar. Kuma ki shirya zuciyarki, akwai alamar gidan kakarta za ta riƙa zanawa, da rijiyar da kajin da Hajiya zaune kan tabarma. Kar ki ji kishi ko kaɗan, kewa take yi, wajen da ta sani ke nan tun tana ƙarama. Ki tambaye ta wace kaza ce ta fi faɗa, ku ɗauki hoton zanen ku tura wa Hajiya a WhatsApp, ki liƙa shi a bango inda babanta zai gani ya yaba.

Batun kunya kuwa na fahimce ki, al'adarmu ce, amma yarinya ba ta san kunya ce ba, ita dai ta ga ana kiran ƙannenta da suna ana goya su. Ya zo a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya sumbaci Hasan, sai Aƙra'u bin Habis ya ce shi 'ya'yansa 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai Manzon Allah (SAW) ya ce masa wanda ba ya jinƙai ba a jinƙansa. In sunan ya yi miki nauyi ki raɗa mata laƙabi naki na kanki. Ranar Alhamis da dare ki kwaɓa lalle ki riƙe hannunta ki yi mata, sannan ki miƙa naki ki ce ta zana miki duk abin da ta ga dama, ki fita unguwa da shi a haka ko ya karkace. Lallen gargajiya nake nufi, baƙin nan na dayis yana ƙona fatar wasu yara, jarirai kuma ba a sa musu lalle.

In an yi wata biyu ko uku kika ga ba ta cin abinci, ko tana firgita da dare, ko fitsarin kwance ya dawo bayan ta daina, ki kai ta wajen likitan yara. Ki sake rubuto min, ina son jin abin da ta fara ginawa.