Laifin Mahomes ne ko na masu tsaronsa? Amsa a kan wasan ƙarshe na 2025

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka inda ka ce kun raba dare kuna kallon Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, na watan Fabrairun 2025, wanda Philadelphia Eagles ta doke Kansas City Chiefs da maki 40 da 22, kuma tun daga ranar gardama ta ƙi ƙarewa tsakaninka da abokanka: su suna cewa Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Kansas City, wato mai jefa ƙwallo da ke jagorantar farmaki, shi ne ya zubar da wasan, kai kuma kana ganin masu tsaronsa ne suka bar shi a fili kamar yadda aka yi a 2021. Ka nemi wanda ya daɗe yana bin ƙwallon Amurka ya raba gardamar. Ina zaune a Amurka tun 2008, kuma ɗana ya yi shekara uku yana buga wasan a makarantar sakandare a cikin layin masu tsaron kwatabak, ni kuma nakan riƙe sarƙar awon yadi goma a bakin fili a ranakun Juma'a da daddare. Daga wannan wuri na koyi kallon wasan, kuma daga nan zan ba ka amsa.

A taƙaice, kai kana da gaskiya a kan 2021, abokanka kuma sun fi ka kusa da gaskiya a kan 2025. Wasannin biyu sun yi kama a ido, domin a kowanne an ga Mahomes yana gudun ceton rai, amma abin da ya yi da ƙwallon a lokacin da yake gudun ya bambanta ƙwarai.

Kafin a yanke wa kwatabak hukunci, akwai wani lissafi da ya kamata mai kallo ya riƙe, wanda ni kaina ban gane shi ba sai da na tsaya a bakin fili. Masu tsaron gida, wato 'yan ɗaya ƙungiyar da ke ƙoƙarin hana kwatabak da mutanensa ci, goma sha ɗaya ne. Masu tare wa kwatabak farmaki biyar ne, waɗanda zai iya jefa wa ƙwallo kuma ba su wuce biyar ba. Idan masu tsaron gida suka turo mutum shida su kama shi, biyar kawai suka rage a baya, kuma ƙwararre irin Mahomes zai ga inda aka bar giɓi ya jefa nan take. Idan kuwa mutum huɗu sun isa su karya katangar mutum biyar, to bakwai ne za su koma baya su tsare masu karɓa biyar, kuma a irin wannan hali kwatabak ba shi da lokaci, ba shi kuma da wanda zai jefa wa. Lokacin da yake da shi tsakanin karɓar ƙwallo da sakinta bai cika wuce daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku ba. Wannan hali ne ya sami Mahomes sau biyu, kuma babu wani kwatabak da na taɓa gani wanda yake jin daɗinsa.

Mu fara da na 7 ga Fabrairun 2021, a filin Raymond James da ke Tampa, inda Tampa Bay Buccaneers ta ci 31 da 9. Wanda ya duba alƙaluma kawai zai ce Mahomes ya yi abin kunya: ya jefa sau 49, an kama 26, yadi 270, bai jefa ƙwallon ci ko ɗaya ba, an cafke masa biyu. Maki taran da suka samu duk daga ƙafar Harrison Butker suka fito. Sai dai a duba da wa ya shiga fili. Eric Fisher, mai tsaron gefen hagu, jijiyar dunduniyarsa ta tsinke makonni biyu kafin wasan, a karawarsu da Buffalo. Mitchell Schwartz na gefen dama ya daɗe a kwance da ciwon baya. Laurent Duvernay-Tardif, wanda ya karanta aikin likita, ya ajiye wasan shekarar gaba ɗaya ya tafi taimakon marasa lafiya a Kanada saboda annobar korona, Kelechi Osemele kuma ya ji rauni a gwiwoyinsa tun watan Oktoba. Aka ɗauko Mike Remmers aka kai shi hagu, aka mayar da Andrew Wylie gefen dama, aka ce su tare Shaquil Barrett da Jason Pierre-Paul. Ɗana ya taɓa gaya mini cewa sauya wa mai tsaro gefe kamar a ce wa mutum ya fara cin tuwo da hagu ne a gaban surukai, kuma na ga gaskiyarsa a wannan dare. An matsa wa Mahomes sau 29, ya yi gudun da ya kusa yadi 500 a bayan layi yana neman inda zai tsaya ya jefa, alhali yana fama da ciwon babban yatsan ƙafa wanda aka yi masa tiyata bayan wasan.

Abin da ya sa nake wanke shi a wannan wasa shi ne inda ƙwallayen suka sauka. A zangon farko ya kuɓuce wa masu binsa ya jefa wa Tyreek Hill a bakin gidan ci, ƙwallon ta bugi hular kwanonsa ta faɗi. A zango na huɗu, a na ƙarshe cikin yunƙuri huɗu da ake ba ƙungiya ta ci gaba da yadi goma, an riga an taɗe shi, jikinsa yana kwance a iska, ya saki ƙwallo ta yi tafiyar kusan yadi talatin ta bugi Darrel Williams a fuska a bakin layin ci. Har yau ban ga jifa irin wannan ba, kuma a takardar alƙaluma an rubuta ta a matsayin jifar da ta lalace, daidai da wadda aka wurga cikin 'yan kallo. Ga kuma laifuffuka: an jefa wa Kansas City tutar alƙali sau 11, aka ci su tarar yadi 120, mafi yawa kafin hutun rabin lokaci, kuma mafi muninsu masu tsaron gida ne suka yi. Mai horar da Kansas City, Andy Reid, ya tsayar da agogo a ƙarshen rabin farko da fatan ƙwallo ta dawo hannunsa, sai hakan ya ba Tom Brady, kwatabak ɗin Tampa, lokacin da ya jefa wa Antonio Brown, aka tafi hutu 21 da 6. Todd Bowles, mai tsara tsaron Tampa, ya ajiye mutum biyu can baya don kada Hill ya maimaita yadi 269 da ya yi musu a watan Nuwamban da ya gabata, kuma Reid bai sauya dabara ya ƙara wa katangar mataimaki ba. A duk wannan babu hannun Mahomes.

Shugabannin ƙungiyar ma haka suka fahimta, domin ba su taɓa kwatabak ba, katangar suka rushe suka sake ginawa. Suka ɗauko Joe Thuney da Orlando Brown, suka zaɓi Creed Humphrey da Trey Smith daga jami'a. Shekara biyu bayan haka suka doke wannan Philadelphia ɗin 38 da 35 ba tare da an kayar da Mahomes da ƙwallo a hannu ko sau ɗaya ba, a shekarar da ta biyo kuma suka doke San Francisco 25 da 22.

Yanzu ga wanda kuke gardama a kai, na 9 ga Fabrairun 2025 a New Orleans. Hujjarka tana da ƙarfi, kuma ba zan rage mata komai ba. Duk tsawon kakar an rasa wanda zai riƙe gefen hagu, an gwada mutum uku, daga ƙarshe aka ciro Thuney daga wurinsa na ciki aka kai shi can, wato an toshe rami ɗaya an buɗe wani. Vic Fangio, mai tsara tsaron Philadelphia, bai ƙara ko mutum ɗaya a kan huɗun da ke kai farmaki ba tun daga farko har ƙarshe, amma duk da haka aka kayar da Mahomes sau shida, Josh Sweat da Milton Williams suka yi ta shiga kamar gidansu. Reid kuma ya yi watsi da gudu da ƙwallo tun da wuri, abin da ya ba masu farmakin damar su sa kai gaba ba tare da tunanin komai ba. DeAndre Hopkins, ɗaya daga cikin masu karɓar ƙwallo na Kansas City, shi ma ya saki wata ƙwallo da ta same shi shi kaɗai dab da hutu.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ka koma ka kalli zango na biyu lokacin da ake 10 da 0. An kayar da shi sau biyu a jere, ya rage yunƙuri na uku da yadi goma sha shida a gabansa. A irin wannan wuri abin da ake koya wa yaro ɗan sakandare shi ne ya ɗauki ɗan abin da ya samu, ko ya jefar da ƙwallon waje, a buga ta nesa, a jira wata dama, tunda maki goma ba komai ba ne ga ƙungiyar da ta saba dawowa daga baya. Mahomes ya fita ta dama, babu wanda ya riƙe shi, ya jefa tsakiyar fili inda Cooper DeJean na Philadelphia yake laɓe, yaron da ke shekararsa ta farko kuma ranar ce ya cika shekara 22. Ya cafke ya ruga yadi 38 har gidan ci. Wannan zaɓi ne, kuma nasa ne shi kaɗai. Ta biyun da Zack Baun ya cafke zan raba laifin, domin an turo Thuney har jikinsa lokacin da yake sakin ƙwallon, amma a kusa da gidansu abin ya faru, kuma nan da nan A.J. Brown ya mayar da ita maki. Ƙwallaye biyu suka haifi maki goma sha huɗu, aka tafi hutu 24 da 0, Kansas City tana da yadi 23 kacal.

Akwai kuma abin da kyamara ba ta cika nunawa ba sai an maimaita daga sama. Kwatabak da aka buga sau uku ko huɗu yakan fara jin taku a bayansa ko da babu kowa. Idonsa yakan sauko daga kan masu karɓa ya koma kan masu binsa, ƙafafunsa su ƙi zama wuri ɗaya. Na ga haka a kan wani yaro abokin wasan ɗana: bayan an kayar da shi sau biyu, sai ya riƙa tserewa daga inda aka kare shi da kyau yana faɗawa hannun wanda ɗana ya riga ya tura waje, kuma iyayen da ke zaune a bayana suka yi ta zagin masu tsaro. A New Orleans na ga alamun wannan a jikin Mahomes. Akwai lokutan da katangar ta riƙe, amma ya bar wurin da wuri, ko ya riƙe ƙwallon yana neman babbar jifa alhali ga ƙarama a gabansa, kuma ko a farkon wasan, kafin duka ya yi yawa, wasu jifofinsa sun kauce wa mutanen da suke a buɗe. A Tampa ya gudu ne domin dole, jifarsa kuma tana sauka inda ya nufa. A New Orleans wani gudun nasa ne ya jawo, kuma hannunsa bai daidaita ba sai da aka gama cin wasan.

Shi ya sa nake jan hankalinka game da alƙaluman da na san za ka kawo wa abokanka, wato jifa 21 cikin 32, yadi 257 da ƙwallayen ci uku. A takarda sun fi na 2021 kyau nesa ba kusa ba. Amma an kai 34 da 0 kafin ya jefa ta farko ga Xavier Worthy, sauran biyun kuma sun zo ne bayan an kai 40 da 6, lokacin da Philadelphia ta sassauta har ta fara shirin biki. Idan aka bi takarda, za a ce ya fi ƙoƙari a wasan da ya fi yin kuskure, kuma ya gaza a wasan da ya yi abin al'ajabi. Masu tsaron gidan Kansas City ma ba su cancanci zargi mai yawa ba a 2025, domin sun riƙe Saquon Barkley na Philadelphia, wanda ya yi gudun sama da yadi 2,000 a kakar, a kan yadi 57 cikin ɗauka 25. Sun yi abin da aka ce shi ne mabuɗin wasan, aka yi ta mayar da su fili ba hutu.

Inda na rabu da abokanka shi ne idan suka ce wannan dare ya tona asirin Mahomes, ko kuma ya nuna dama can zuzuta shi ake yi. Mutumin da ya kai wasan ƙarshe sau biyar cikin shekara shida ya ci uku ba a auna shi da rabin wasa ɗaya. Brady da ake gwada shi da shi ya sha kashi sau uku a wannan mataki, biyu a hannun New York Giants, waɗanda su ma da mutum huɗu suka riƙa karya masa katanga. Amma kuma ba na karɓar uzurin da masoyansa ke yi masa na cewa babu abin da zai iya yi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: tun 2020 ya sa hannu a kwantiragin shekara goma na dala miliyan 450, kuma ana biyan irin wannan kuɗi ne domin daren da komai ya lalace, a samu mai sanyin kai da zai hana 10 da 0 zama 24 da 0. Shi da kansa, da ya zauna gaban 'yan jarida bayan wasan, ya ɗora wa kansa alhakin ƙwallayen da ya zubar, bai nuna yatsa ga masu tsaronsa ba.

Idan ka matsa mini in raba, zan ce a 2021 kasonsa na laifi ƙarami ne ƙwarai, a 2025 kuwa shi da katangarsa da Reid kowa ya ɗauki kaya mai nauyi, nasa kuma ya fi fitowa fili domin kurakuransa ne suka koma maki kai tsaye. Ko da ya yi wasa mai tsabta, ina ganin Philadelphia za ta ci, don ta fi su ƙarfi a gaba, amma da an shiga zango na huɗu ana kallon wasa. Kafin ku sake zama da abokanka, ka nemi maimaicin rabin farko, ka daina bin ƙwallo da ido, ka zuba wa ƙafafun Mahomes da mutum biyu na gefen hagunsa ido, kana ƙirga daƙiƙa uku a ranka duk lokacin da aka miƙa masa ƙwallo. Inda aka iso gare shi kafin ka kai uku, ka rubuta wa katanga. Inda ka wuce uku yana riƙe da ita, ko ya bar wurinsa babu mai binsa, ka rubuta masa. Ni da na yi haka sau biyu, katangar ce ta fi yawan layuka a takardata, amma jifar da DeJean ya cafke tana ɓangaren Mahomes.