Nonona ne ke sa wa ɗana ƙuraje?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana watansa uku, nono zalla nake ba shi. Ƙuraje masu ƙaiƙayi sun feso masa a kumatu, wani lokaci har ɗigon jini nake gani a kashinsa. Surukata ta ce nonona ne ba shi da kyau, a koma madarar gwangwani. Ina mafita?
Daga wata mai shayarwa a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki cire shi daga nono. Ki lallaɓa Hajiya cikin ladabi, domin yawancin madarar gwangwani da nonon saniya ake haɗa ta, kuma shi nake zargi.

Idan uwa ta sha fura da nono, kindirmo ko shayi da madara, ɗan ɓurɓushin furotin ɗin saniya kan bi ta nononta. Yawancin jarirai ko a jikinsu. Kaɗan ne hanjinsu ke bore, sai a ga jini a kashi. Ki kai shi asibiti a duba tukuna, don ciwon hanji ma na kawo hakan. In an tabbatar, za a ce ki bar kayan madara mako 2 zuwa 4, sannan ki koma sha a ga ko abin zai dawo. Amma kada ki hana kanki ƙwai, kifi da gyada a kan zato, mai shayarwa da yunwa ba su jituwa.

Nonon naki kuwa aiki yake yi. Tun daga dakashi, wanda har yau wasu ke matsewa su zubar, akwai garkuwar da ke shafe bangon hanjin jariri. Akwai kuma wani sukari da jaririn ba ya narkarwa, abincin ƙananan halittu masu amfani na cikin hanji ne da ke koya wa jiki ya daina faɗa da abin da ba cuta ba. Duk da haka ba na yi wa uwa alƙawarin nono zai hana borin jini ko asma, gado ma na da hannu.

In ya kai wata 6, kada ki jinkirta masa kunun gyada mai laushi. Wani bincike da aka fitar a Landan a 2015 kan jarirai 640 ya nuna ba da gyada da wuri ya rage boren jiki a kanta da kusan kashi 80 cikin 100. Tunda yana da ƙuraje, likitansa ya fara ganinsa kafin nan.

Idan kika ga leɓensa ya kumbura ko numfashi na sarƙewa, ku tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.