Amsa kan ɗaliban da ke gudun darasin GST

Salam Malam. Ka tambaya ya za ku yi ɗalibai su daina gudun GST (wato kwas ɗin gama-gari da kowane ɗalibin jami'a ke ɗauka) sai ranar jarabawa, to ni ma ina koyar da shi a nan Kano kuma gaskiya laifin ba na yaran kaɗai ba ne. Ka tara su a babban ɗakin lacca ba lasifika, wasu a tsaye bakin taga, wani tun daga Kurna ya taho a adaidaita sahu ya sha cunkoso, wani kasuwa zai koma da yamma, sannan ka ce su zauna awa biyu kana karanto musu takarda, wa zai jure?

Mu dai malaman kwas ɗin muka fara zama duk sati biyu muna daidaita abin da za a koyar, don a da kowa da nasa. Sai muka raba ajin rukuni-rukuni. A GST 112, wato al'ummomin Nijeriya da al'adunsu, na tura su Gidan Makama da marinar Ƙofar Mata da Sabon Gari, su gani da idonsu su yi hira da mutane su rubuto shafi ɗaya. Wallahi yaran da ban taɓa jin muryarsu ba sai ga su suna musu a aji, abin ya faranta min rai sosai.

Jarabawar kwamfuta ta canki-canka ba ta nuna ko ɗalibi ya iya rubutu, don haka ku ɗora makin CA, wato na ayyuka da gwajin da ake yi kafin jarabawa, a kan rubutun hannu. Ka fara samun shugaban sashenku da maganar raba ajin tukunna.