Kore da ja a jadawalin hannun jari

Tambaya: Malam, ina shigo da yadi daga Sin, kuma ina sayen hannun jari a kasuwar NGX ta Legas. Na ga jadawalin wasu a TradingView, shafin da ake duba jadawalin farashi, yana rinewa da kansa, kore in kasuwa na hawa, ja in tana sauka. Yaya ake yi, kuma zan iya saye da sayarwa da launin kawai?

Amsa: Alhaji, haɗa shi ba wuya. TradingView na da wurin rubuta umarni da yarensa, Pine Script. Da umarnin ta.sma za ka fitar da matsakaicin farashin rufe kasuwa na kwana 50 da na kwana 200. Sai umarnin bgcolor ya shafa wa bayan jadawalin kore in na 50 ne a sama, ja in shi ne a ƙasa. Ka dusashe launin da umarnin color.new, ka ba shi dusashewa 85 ko 90 cikin 100, don kada ya danne maka farashin.

Amma saye da launi kaɗai, a'a. Kwana 200 na ciniki ya haura wata tara, don haka launin labarin jiya yake ba ka. Kafin kore ya fito farashi ya yi nisa, kafin ja ya fito riba ta zube. Mafi muni shi ne lokacin da kasuwa ta tsaya tana kai-komo: yau kore, jibi ja, kowane juyi kuma dillali ya yanki nasa. Shi ya sa nake son launi na uku. In tazarar matsakaitan biyu ba ta kai, misali, kashi 2 cikin 100 ba, a shafa ruwan toka, kai kuma ka naɗe hannu. Ƙananan kamfanonin da ake yini ba a taɓa hannun jarinsu ba kuwa, kada ma ka wahalar da kanka.

Ga wanda ya fi shafarka. A 2023 ma'aunin kasuwar NGX ya tashi da kusan kashi 46 cikin 100, jadawali kore shar. A shekarar kuma dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa wajen 900 a farashin hukuma. Wanda zai juya ribarsa dala ya biya kaya a birnin Guangzhou na Sin, asara ya tafka yana kallon kore. Tunda da dala kake saro kaya, ka lissafa farashin hannun jarin da dala maimakon naira, ka shafa launin a kan abin da ya fito.