Tashi da kyanwa daga Nima zuwa Madina

Hajiya, kin ce za ku tashi daga unguwar Nima zuwa unguwar Madina a Accra, kina tsoron kyanwarki ta gudu. Kina da gaskiya, don kyanwa da hanci take gane gida. Tsumman da take kwanciya a kai, kada ki wanke shi, ki tafi da shi haka nan. Ranar tashi ki sa ta a kwando mai murfi, ki ɗauki tasi, hayaniyar trotro, wato ƙaramar bas ta haya, firgita kyanwa take yi.

In kun isa, ki ware mata ɗaki ɗaya da ruwa da yashi, kada ta fita waje sai bayan mako 2. Tawa kwana 3 ta yi a ƙarƙashin gado, idanunta kawai nake hange, ban jawo ta ba. Amma in ta ƙi abinci kwana 2, ki kai ta wurin likitan dabbobi.