Tambaya da Amsa: Ta ina zan fara koya wa ma'aikata kwamfutar kwantam?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare a Kumasi, kuma kowace Asabar bayan la'asar nakan tara wasu 'yan'uwa a Aboabo ina koya musu Python, wato wani harshen rubuta manhajar kwamfuta. A cikinsu akwai ma'aikacin banki, da mai haɗa magunguna, da lauya, da wani mai rumfar MoMo (tura kuɗi ta waya) a kasuwar Kejetia. Sun matsa mini lamba in koya musu kwamfutar kwantam, wato wadda ke lissafi da dokokin fiziks na abubuwa ƙanana irin ƙwayar zarra, amma da na fara da bayanin ƙwayar zarra, ba a yi mako uku ba ajin ya watse. Ina na kuskure, kuma shin karatun zai amfane su a wurin aiki? Daga wani malami, Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya saka da alheri. Kuskuren ba babba ba ne, ka shigar da su ta ƙofar da aka yi domin ɗaliban fiziks na jami'a irin KNUST ta Kumasi ne, alhali mutumin da ya wuni yana ƙirga kuɗi ko duba takardun shari'a ba shi da shekara huɗu da zai bayar. Abin da zai riƙe shi shi ne ya taɓa abu da hannunsa tun ranar farko.

Wannan kuwa mai yiwuwa ne, domin tun shekarar 2016 kamfanin IBM ya fara sa kwamfutar kwantam a intanet don kowa ya gwada, ta farkon mai kubit 5 ce, kuma manhajarsa ta Qiskit da Python ake rubuta ta, wato harshen da ɗalibanka suka riga suka fara. Kubit shi ne takwaran bit na kwamfutar da muka saba da ita, sai dai bit ko dai 0 ne ko 1, shi kuwa kubit yana iya ɗaukar wani gwargwado na duka biyun har sai an auna shi.

Ga darasin da zan so ka buɗe da shi. Ka ba kowa tsabar sidi ɗaya ya riƙa wurgawa yana rubuta fuskar da ta faɗo, sannan ka buɗe kwamfuta, ka ɗauki kubit ɗaya da ke kan 0, ka sa masa ƙofar Hadamard, wato umarnin da ke mayar da shi gwargwado daidai na 0 da 1, ka auna sau dubu. Za su ga kusan rabi 0, rabi 1, su ce ai wannan wurga kwabo ne kawai. To sai ka sa ƙofar sau biyu a jere kafin awo. Wanda ya wurga kwabo sau biyu bai san abin da zai faɗo ba, amma kubit ɗin zai koma 0 a kowane karo, domin hanyoyi biyu da ke kai wa ga 1 suna da alamar tarawa da ta ɗebewa, sai su kashe juna. A nan ne idanu ke buɗewa, kuma a nan ne da kansu za su nemi lissafin, wanda a matakin farko bai wuce ninka matiriks mai layi biyu da ginshiƙi biyu ba, sai ɗan ilimin yiwuwa. Kai da kake malamin lissafi, wannan gonarka ce. Ƙaramar kwamfutar cinya ma tana iya kwaikwayon kubit 20 ba tare da intanet ba, abin da zai rage muku kuɗin data.

Bayan kamar mako shida na karatun bai ɗaya, sai ka raba su bisa ga sana'a. Mai haɗa magunguna ya bi layin kwaikwayon ƙwayoyin sinadarai, wanda ya samo asali daga shawarar da masanin fiziks Richard Feynman ya kawo a 1981, cewa a yi amfani da na'urar kwantam wajen kwaikwayon abin da shi ma kwantam ne. Ma'aikacin banki da mai MoMo da lauya kuwa, nasu rabon yana wajen tsaron bayanai. A 1994 masanin lissafi Peter Shor ya nuna cewa babbar kwamfutar kwantam za ta iya karya makullin RSA da ake kare hada-hadar intanet da shi, kuma a watan Agusta na 2024 hukumar NIST ta Amurka, mai tsara ƙa'idojin fasaha, ta fitar da ƙa'idoji uku na sababbin makullai da aka tsara don su jure mata. Sauya makullan aiki ne da za a yi da kwamfutocin da muke da su yanzu, kuma yana buƙatar masu fahimtar doka da harkar kuɗi, ba masana fiziks kaɗai ba.

Game da aiki, kada ka yi musu romon baka. Na'urorin yau suna yawan kuskure, irin na IBM sai an sanyaya su kusan digiri 273 ƙasa da sifili, kuma babu wadda ta kai ga karya RSA ɗin da ake amfani da shi. A ganina wannan ilimi ƙari ne a kan sana'ar mutum, ba dalilin ajiye aiki ba ne. Amma ka gaya musu cewa Ghana ce ta gabatar da daftarin ƙudurin da ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantam, don su san ba baƙi ba ne a wannan fage.

Waɗanda suka daina zuwa, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka ce musu Asabar mai zuwa kowa ya zo da tsabar sidi ɗaya, kuma za a tashi kafin kiran magariba.